Shagon hayar littafi a Aboabo, da littafin nan mai jan bango da ake ta musu a kansa

Shagon kwantena ce ƴar ƙarama a cikin unguwar Aboabo a Kumasi ta Ghana, gabanta ana MoMo (tura kuɗi ta waya) da fotokofi da cajin waya, in ba an faɗa maka ba sai ka wuce ba ka san akwai littafi a ciki ba, amma in ka leƙa ta baya za ka ga kanta biyu cike da nobel na turanci, yawanci gwanjo ne irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi a Adum cikin gari, sai ƴan na Hausa kaɗan da wani ɗan'uwan mai shagon ke kawo masa daga Kano in ya je sarin kaya. Mai shagon ba ya sayarwa, haya yake bayarwa. Sidi 10 a mako, ka ajiye sidi 50 na jingina, ranar da ka daina zuwa ya maido maka kuɗinka. Ya rubuta sunanka da lambarka a wani tsohon littafin lissafi, shikenan ba wani fom ba wani kati. In mako ya cika sai ka ga saƙonsa a WhatsApp, "salam yaya, ana jira fa", ba zagi ba tsawa. Matan da ba sa samun fita kuma yana aika musu da ɗan pragya, wato mai keke mai ƙafa uku, su biya kuɗin mota, wannan kam na yaba masa sosai.

Ni abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne littafi guda, wanda a shagon kowa "mai jan bango" yake ce masa. Ƙato ne, ya haura shafi 600, rubutun ƙanana, in wuta ta ɗauke ka ce da fitilar waya za ka karanta to idonka zai gaya maka. Labarin wata ƙasa ce da babu ita a duniya, amma an gina ta kamar Turai ta zamanin da, zamanin takobi da sulke da ganuwa da dawaki. Sarkin ƙasar ya samu shanyewar jiki, yana kwance baya magana baya gane kowa, sai mutum huɗu da suka sani suka rufe ƙofa suka ce wa duniya ai mai martaba yana hutawa ne. Magajinsa yaro ne ɗan shekara tara. Uwar yaron baƙuwa ce daga wata ƙasa ta ƙetaren teku, ba ta da dangi a fadar, ko yarensu ba ta gama iyawa ba. Ƙanin sarki yana can bakin iyaka da rundunar yaƙi yana jin ƙishin ƙishin. Ma'aji ya ci bashin ƴan kasuwa har wuya. Sai kuma ɗan tsafin da aka sa a ciki, wai kambin sarautar ƙasar yana ƙona kan duk wanda ba jinin gidan ba ne, toh kuma ga raɗe raɗi yana yawo cewa yaron nan ba ɗan sarki ba ne. Ka ga kenan rabin fada na so a yi maza a ɗora masa kambin a gani, rabi kuma na neman duk dabarar da za a ja lokaci.

Wanda ya riƙe littafin gaba ɗaya ba sarauniya ba ce ba kuma ƙanin sarki ba, wani tsoho ne mai ajiye hatimin sarki. Mutum ne mara kwarjini, kullum tari, kullum yana gefe da ƴar jakarsa, amma duk takardar da zata fita da sunan sarki sai ta bi ta hannunsa, kuma tunda sarki baya magana ai shi ne sarkin kenan ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Marubucin ya iya wannan wajen wallahi. Akwai babin da aka zauna majalisa tun safe har dare ana gardama kan waye zai zauna a kujerar da ke dama da gadon da babu kowa a kai, ba wanda ya zare takobi, ba wanda ya ɗaga murya, amma ka gama babin gabanka na faɗuwa saboda ka san daga wannan zaman an riga an yanke wa mutum biyu hukuncin kisa su ba su ma sani ba. Fadar tasu tamkar gidan haya ce mai mita ɗaya, kowa na murmushi da safe kowa kuma na lissafin wanda ya kunna hita da daddare.

Kwafi ɗaya tal ke shagon kuma ya bi hannu da yawa, shi ya sa in ka karɓa ba littafin kaɗai kake karantawa ba har da mutanen da suka riga ka. Gefen shafuka cike yake da rubutu, wani da biro wani da fensir, Hausa da turanci har da Twi yaren Asante. Inda sarauniya ta fara kuka wata ta rubuta "Allah sarki, aure a nesa kenan". Ƙasa da shi wani ya amsa mata da jan biro "munafuka ce ki jira ki gani". Inda ma'aji ke rantsuwa baitulmali lafiya lau wani ya zana ƴar fuska tana dariya ya rubuta "ɗan siyasa". Wannan duk na ji daɗinsa. Wanda ban yafe wa ba shi ne mugun da ya je wajen shafi na 80 ya rubuta sunan wanda zai mutu a ƙarshe har da ja masa layi biyu. Na nuna wa mai shago na ce yaya wannan ai zalunci ne, ya yi dariya ya ce ya san mai shi amma kwastoma ne, sai ya kawo maka ya shafe wajen. In kopin ya zo hannunka ka ga baƙin tabo a nan to ka gode min.

Cikin waɗanda suka karanta akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, Masta kowa ke ce masa, yakan zauna a bencin gaban shagon bayan la'asar. Shi ra'ayinsa marubucin bai ƙirƙiro komai ba, tarihin Ingila ya ɗebo ya sake wa mutane suna. Ya ce min ɗana zauna ka ji, a 1453 sarkinsu Henry na shida ya kamu da wani ciwo ya fi shekara baya magana baya gane mutane, matarsa Margaret ƴar Faransa ce, a cikin wannan ciwon ta haifi ɗa namiji maƙiya suka fara cewa ba nasa ba ne, a 1454 aka ba Richard na York riƙon ƙwarya, a 1455 aka fara zub da jini tsakanin gidan York da gidan Lancaster na sarkin, ba a gama ba sai 1485. Sannan ya ƙara da na 1483, da Edward na huɗu ya rasu ya bar ɗa ɗan shekara 12 da ƙaninsa, ƙanin uban ya karɓi riƙo, cikin ƴan watanni aka ce auren iyayen bai halatta ba saboda haka yaran ba su da gado, baffan ya hau ya zama Richard na uku, yaran biyu aka kai su hasumiyar Landan ba a sake ganinsu ba. Shi ma shekara biyu kawai ya yi aka kashe shi a fagen yaƙi a Bosworth, kuma sai a 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wajen ajiye motoci a Leicester. Masta yana faɗin wannan ne a matsayin aibu, wai sata ce. Ni ban ga aibu ba, ai wanda bai taɓa jin sunan York ba ya samu ƙofar shiga, kuma ni kaina sai bayan maganarsa na je na nemi tarihin na karanta.

Amma wadda ta fi ba ni dariya kuma ta fi sa ni tunani wata Maame ce ƴar Asante mai sayar da atamfa, ƴarta ce ta karɓo littafin ita kuma ta sa aka riƙa ba ta labarin. Da aka zo kan maganar ko yaron ɗan sarki ne ko ba ɗansa ba sai ta tafa hannu ta ce yanzu duk wannan shafi ɗari shida a kan wannan ne? Ta ce a wajenmu da shafi goma ya isa, mu ta wajen uwa muke bi, uba ana iya musu a kansa amma wa ya taɓa musu kan cikin da ya fito. Kuma gaskiyarta, a Asante ɗan sarki baya gadon kujerar ubansa, daga tsatson mata ake ɗauko sarki, Asantehemaa, wato uwar sarautar Asante, ce ke nuna wanda take so sannan manyan sarakuna su amince ko su ƙi. Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu ma da ya hau a 1999 mahaifiyarsa ce Asantehemaa a lokacin, Nana Afia Kobi Serwaa Ampem ta biyu, ita ta gabatar da shi. Toh a tsarin da muke zaune a cikinsa nan Kumasi, sarauniyar littafin da ke ta ɓoye ɓoye da tsoro ba ita ce ma mai magana ba, ƴar'uwar sarki ce da ɗanta za a sa wa ido, ita kuwa a littafin an ba ta shafi uku kacal aka aurar da ita aka manta da ita.

Sai dai na ce mata Maame kar ki yi saurin dariya, bin uwa bai hana rigima ba. An tuɓe sarkin Asante Mensa Bonsu a 1883, Kwaku Dua na biyu da ya hau a 1884 bai daɗe ba ƴan makonni ya rasu, daga nan Asante ta shiga yaƙin cikin gida na shekaru har sai da Prempeh na farko ya hau a 1888, kuma uwarsa Yaa Akyaa ba ƙaramar rawa ta taka ba wajen ganin ɗanta ne ya samu. Ta ce eh amma aƙalla mu mace ce ke tuƙin a fili ba a bayan labule ba. Na yi shiru domin a nan ta fi ni.

Kawuna kuma ko turanci baya karantawa, labarin kawai na ba shi muna cin tuwo, ya ce kai ɗan nan me kake nema a ƙasar da babu ita alhali namu na nan. Ya kawo basasar Kano, da Sarki Bello ya rasu a 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, ƴaƴan gidan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi suka bi Yusufu suka fice daga birni, Yusufu ya rasu a hanya Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya ci Kano a 1894, Tukur aka kashe shi a 1895. Ƴan'uwan juna ne fa duka, jikokin Dabo. Ya kuma kawo ta Salaga ta 1892, rigimar sarauta ce ta Gwanjawa amma fatake ne suka kwashi kashinsu a hannu, kasuwar goro ta watse mutane suka bazu Kete Krachi da Yeji da sauran wurare, wasu zuriyarsu na cikin zangunan nan har yau. Maganar kawu ce ta nuna min babban ramin da ke littafin nan. Shafi 600 ana juya ƙasa amma ba ka taɓa jin ɗan kasuwa ko manomi ko mai dakon kaya ya buɗe baki ba, talaka a littafin ko dai yana ihu a bakin ƙofar fada ko kuma gawa ce a gefen hanya da jarumi zai wuce a kan doki. Mu kuwa da kakanninmu ke cikin masu ɗaure kaya su gudu in manya sun ɓata, wannan ɓangaren ne muka fi son ji kuma babu shi.

Akwai wanda bai gama ba. Abokina ne Badagombe, tela, ya kai wajen da aka kewaye fada da dare ya rufe ya maido. Bai yi dogon bayani ba ya ce shi dai ba zai iya karanta wannan don nishaɗi ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a Yendi a watan Maris 2002, da aka kashe sarkin Dagomba, Ya Na Yakubu Andani na biyu, da mutane da dama a rikicin gidan Abudu da gidan Andani, da yadda aka ɗau shekaru kafin kwamitin manyan sarakuna da Otumfuo ya jagoranta ya kai ga naɗa Ya Na Abukari na biyu a Janairun 2019, zai gane dalilinsa. Na ce wa mai shago ya kamata ya riƙa ɗan faɗa wa mutane abin da ke ciki kafin ya miƙa, ba kowa ne ke ganin ƙona fada a matsayin tatsuniya ba.

Mata da yawa sarauniya suka bi, maza kuma sun rabu tsakanin ƙanin sarki da tsohon mai hatimi. Wata Hajiya da ke kitso ta ce ita ba ruwanta da ko yaron na sarki ne ko ba nasa ba, mace ita kaɗai a cikin dangin miji da ba sa sonta duk abin da ta yi don ɗanta ya rayu daidai ne. Wani malamin makarantar allo da ya leƙa ya ce shi giyar da ake sha a kowane shafi ce ta ishe shi, ga kuma wurare biyu uku da bai kamata yaro ya gani ba, kuma wannan gaskiya ne, kar ka bar shi a falo inda ƴan ƙaramar sakandare za su ɗauka. Ɗan yayata kuwa da ya sato shi ya karanta cewa ya yi "kawu surutu ya yi yawa, sai shafi na ɗari uku aka fara faɗa", shi dodanni da yaƙi yake nema, ba nasa ba ne.

An fi yin musu a kan mai hatimin nan. Wani ya rubuta a gefen shafi da manyan baƙi BA A MUGUN SARKI SAI MUGUN BAFADE, mutane da yawa suka yarda har wani ya sa hannu a ƙasa. Ni ban yarda ba, aƙalla ba a wannan labarin ba. Tsohon bai saci ko kwabo ba, bai nemi kujerar ba, abin da yake tsoro shi ne ranar da aka ce sarki ya tafi to rundunar ƙanin da masu bin sarauniya za su haɗu a tsakiyar birni, sai ya yi ƙarya ɗaya don ya sayi mako guda, makon ya buƙaci wata ƙaryar, kafin ka ankara ya sa hatimi a takardar kashe mutumin da ya san bai yi komai ba. Shi kuma sarkin da ake ta tausayi, a babin baya baya ana nuna maka lokacin yana da lafiya shi ya ƙi faɗin wanda zai riƙe ƙasa in wani abu ya same shi, saboda yana jin daɗin ganin kowa na rarrafe a gabansa. To waye mugun a nan. Karin maganar ma ina zargin a fada aka ƙirƙire ta don a wanke mai gida.

Inda littafin ya faɗi shi ne tsafin. Ka kafa mana kambi mai ƙona kai a babi na farko, muka riƙe numfashi, sai ka manta da shi kusan shafi ɗari huɗu, in ya tuno sai ya sa wani ya ambace shi a wajen cin abinci. Da an cire shi gaba ɗaya labarin zai tsaya da ƙafarsa. Sannan ƙarshen, haba. An kawo yaron, an ɗaga kambin sama, an rufe littafi, wai a nemi na biyu. Turancin ma yana da ɗan nauyi a farko, sarautu barkatai da sunaye masu kama da juna, akwai mutum uku da sunansu ya fara da harafi ɗaya kuma dukansu suna da gemu. Marubucin ya sa jerin sunaye da taswira a baya don ya taimaka, amma a kopin shagon an yage rabin jerin, taswirar kuma wani ya zuba mata koko.

Wannan ya kawo ni kan laifin shagon. Na ɗaya bashi da na biyun, kuma bai faɗa maka sai ka dawo da gudu kana tambaya sannan ya ce ai yana nema, ya sa a duba masa a Accra. Tun kafin azumi yake nema. Na biyu layin jira ba shi da tsari, an rubuta sunaye a bayan littafin lissafin amma in wata Hajiya mai faɗa a ji ta aiko sai ka ga an tsallake ka, in ka yi magana ya ce yi haƙuri yaya uwa ce. Baya duba littafi in an maido, shi ya sa shafuka ke ɓacewa ba a san wa za a kama ba, bangon ma yanzu da salatif yake riƙe. Kuma mako ɗaya bai isa wannan ƙaton ba ga mai aiki, sai ka yi uku ko huɗu, ka ga kuɗin ya fara kusan na sayen gwanjonsa in ka dace da shi a Adum ko Kejetia. Na ba shi shawara ya yi farashi daban na manyan littattafai, na wata guda, ya ce zai duba.

Duk da haka in ka tambaye ni haya ko saye, haya zan ce, kuma wannan kopin mai datti nake nufi, saboda sabo fil ba zai zo maka da matar da ta rubuta Allah sarki da mai jan biron da ke bin ta shafi shafi yana musu da ita ba, su biyun nan har ƙarshen littafi ba su shirya ba. Littafin na ba shi huɗu cikin biyar, shagon uku da rabi, rabin na ɗan pragya ne. Ka je da fensir ba biro ba, ka ƙirga shafukan baya a gabansa kafin ka tafi kar a ɗora maka yagar wani, kuma ranar Juma'a baya buɗewa sai an sauko masallaci. Wanda kuma yake da na biyun a gida yana ajiye da shi, don Allah ya kai shagon ko na wata ɗaya ne, mu wajen goma ne ke jira har da Masta da ya ce sata ce.